Detroit: Yadda Arziki Ya Tsallake Iyakar Birni Ya Bar Masa Bashi

Titin Woodward yana farawa ne daga bakin kogin Detroit, inda mutum zai tsaya a ƙasar Amurka yana hangen gine-ginen garin Windsor na Kanada a ɗaya gaɓar. Daga nan ya miƙe sak zuwa arewa maso yamma, ya raba birnin gida biyu, ya tsallake titin Eight Mile wanda shi ne iyakar birnin ta arewa, ya zarce har garin Pontiac. Daga kogin zuwa iyakar bai wuce kilomita 15 ba, amma wanda ya bi shi a natse, yana ratsewa hagu da dama, zai ga kusan duk abin da ya durƙusar da wannan birni. A ƙidayar 1950 Detroit tana da mutum wajen miliyan 1.85, ita ce ta biyar a girma a duk Amurka. A ƙidayar 2020 sun koma kimanin 639,000. Sai dai akwai wani lissafi da ba a cika haɗawa da wannan ba: gundumomi uku da birnin da kewayensa suke ciki, wato Wayne da Oakland da Macomb, suna da mutum wajen miliyan 3 a 1950, a 2020 kuwa sun kusa miliyan 4. Ke nan yankin bai rasa jama'a ba, ƙaruwa ma ya yi. Mutane da ayyuka da dukiya sun gusa ne 'yan kilomitoci suka haye wani layi da doka ta shata, dokar kuma ta hana birnin bin su da harajinsa, alhali ta bar masa titunan da za a gyara da fanshon da za a biya da talakawan da ba su da halin tashi. Sauyin tattalin arziki ne ya kawo asarar, amma siyasa ce ta zaɓi wanda zai ɗauke ta.

A tsakiyar birnin yau akwai walwala. An gyara tsofaffin benaye, an buɗe wuraren cin abinci, kuma wani sabon dogon gini ya tashi a filin da kantin Hudson's ya taɓa zama, kantin da a zamaninsa yana cikin mafiya girma a ƙasar. An rufe shi a 1983, aka rushe ginin a 1998, amma ranar da aka fara haƙa masa kabari ta riga wannan da nisa. A 1954 kamfanin da kansa ya buɗe katafariyar kasuwar Northland a Southfield, can bayan Eight Mile, da filin ajiye motoci dubbai, ya bi masu sayayyarsa inda suka fara komawa. Kaɗan gabas da Woodward matafiyi zai iske wani babban titi da aka haƙa a cikin rami, motoci na gudu a ƙasa. Nan ne titin Hastings yake a da, cibiyar kasuwanci da kiɗa ta baƙar fata, kusa da unguwannin Black Bottom da Paradise Valley. An share su don gina manyan tituna da sababbin gidaje. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta sa gwamnatin tarayya biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin irin waɗannan tituna, kuma a wannan shekarar ce taragon lantarki na ƙarshe na wancan zamani ya bi Woodward, aka sayar da taragun ga birnin Meksiko. Da kuɗin jama'a aka sauƙaƙa wa mai mota ya kwana a wajen gari ya yi aiki a ciki, aka kuma tsananta wa marar mota ya kwana a ciki ya nemi aiki a waje.

Gaba kaɗan akwai gidan adana zane-zane na birnin, inda Diego Rivera, mai zane ɗan ƙasar Meksiko, ya cika bangwaye da hotunan ma'aikatan mota, aikin da ya kammala a 1933. Masana'antar da ya zana ita ce River Rouge ta Ford, wadda a ganiyarta ta ɗauki ma'aikata sama da 100,000, kuma tun a lokacin tana garin Dearborn ne, wajen iyakar Detroit. Wanda ya ratse gabas ta titin East Grand Boulevard zai kai filin masana'antar Packard, wadda ta daina ƙera motoci a 1956, ta yi shekaru da dama a matsayin kango mafi shahara a birnin kafin a shiga rushe ta. Nan ne hujja ta farko da ake kawowa take zuwa a rai: ai motocin Jafan da tsadar man fetur ta 1973 ne suka kashe masana'antun, su kuma suka ja birnin suka faɗi tare. Shekarun ba su goyi bayan wannan ba. Masanin tarihi Thomas Sugrue ya nuna cewa tsakanin 1947 da 1963 birnin ya rasa ayyukan masana'antu wajen 134,000, a daidai lokacin da kamfanonin Amurka ke mulkin kasuwar mota ta duniya ba tare da abokin gasa na kirki ba. Tsakanin 1947 da 1958 manyan kamfanonin uku, Ford da General Motors da Chrysler, sun gina sababbin masana'antu 25 a yankin, babu ko ɗaya a cikin birnin. Suna son fili mai faɗi don gini mai hawa ɗaya da sababbin injuna, suna son haraji mai sauƙi, suna kuma son rage ƙarfin ƙungiyar ƙwadago da ta taru a wuri guda. Lokacin da suka bar birnin riba suke ci, ba asara ba.

Idan aka wuce tsohuwar hedikwatar General Motors aka juya yamma ta titin Clairmount, za a kai mahaɗarsa da titin da a da ake kira na 12, yanzu kuma Rosa Parks. A nan ne, da asubahin 23 ga Yuli 1967, 'yan sanda suka kai samame wata mashaya marar lasisi, abin ya rikiɗe ya zama tarzoma ta kwana biyar, mutum 43 suka mutu, aka kama sama da 7,000. Mutane da yawa a garuruwan kewaye har yau suna ɗora faɗuwar Detroit a kan wannan mako, wannan ce hujja ta biyu. Gaskiya ne bayan tarzomar ƙaurar fararen fata ta ƙara sauri, kuma kantuna da dama da aka ƙona ba su sake buɗewa ba. Amma birnin ya riga ya rasa mutum wajen 180,000 tsakanin 1950 da 1960, shekara bakwai kafin a jefa dutse na farko. Ita kanta tarzomar tana da iyaye. Baƙar fata da suka baro kudancin Amurka don aikin masana'anta sun ƙaru daga 'yan dubbai a 1910 zuwa wajen 300,000 a 1950, aka cushe su a 'yan unguwanni, ana ba su aiki mafi wuya, su ne na farko da ake sallama. Tun a 1943 an yi wata tarzomar da ta ci rai 34. Da aka rushe Black Bottom, da yawa daga mutanenta titin 12 ɗin nan suka dawo, cunkoso ya ƙaru a kan cunkoso. Abin da ya faru a 1967 alama ce ta ciwon da ya daɗe yana cin jiki.

Komawa kan Woodward, ba tare da wata alama mai ɗaukar ido ba, matafiyi zai fita daga Detroit ya shiga Highland Park, ƙaramin gari mai magajinsa da baitulmalinsa wanda birnin ya kewaye. A gefen titi ga tsohon ginin jan bulo na Ford, inda aka fara aiki a 1910, aka ƙirƙiro layin harhaɗa mota mai tafiya a 1913, aka kuma sanar da albashin dala 5 a rana a 1914, abin da ya jawo ma'aikata daga kowace kusurwa ta duniya. A 1930 garin yana da mutum sama da 50,000, a 2020 bai kai 9,000 ba. Ford ya kwashe aikinsa, Chrysler ya mayar da hedikwatarsa Auburn Hills a gundumar Oakland cikin shekarun 1990, har ta kai a 2011 kamfanin lantarki ya tumɓuke mafi yawan fitilun titin garin saboda bashi. Highland Park ƙaramin hoto ne na babbar matsalar. A tsarin Amurka, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da fitilu da shara, da kaso na kuɗin makarantu, sun dogara ne da harajin da ƙaramar hukuma ta tara a cikin iyakarta. In babban mai biyan haraji ya gusa ko da kilomita ɗaya ne ya haye layin, kuɗinsa sun tafi ke nan. Detroit kuwa rabonta da faɗaɗa iyakarta tun 1926, domin dokokin jihar Michigan sun sauƙaƙa wa ƙauyukan kewaye su zama garuruwa masu cin gashin kansu, suka kuma sa haɗe su da birnin ya yi wuya ƙwarai.

Tsakanin titin Six Mile da Seven Mile ne aka shimfiɗa wa Woodward kankare a 1909, mil na farko irinsa a ƙasar. Daga nan sai Eight Mile, titi mai faɗi da layuka da yawa. Kafin a tsallaka ya kamata a ratse yamma zuwa kusa da titin Birwood, inda wata katanga ta kankare mai tsayin ƙafa 6 da tsawon kusan rabin mil take tsaye har yau, an yi wa wani sashenta zane. An gina ta a 1941. Wani mai gina gidaje ne ya nemi hukumar gidaje ta tarayya ta tsaya wa masu sayen gidajensa lamuni, hukumar ta ƙi saboda akwai baƙar fata a maƙwabtaka, da ya gina katangar ta raba su sai ta amince. Wannan shi ne amsar mai cewa ai kowa ya zaɓi inda yake so ne ya koma. Gwamnati ta tsaya wa farar fata ya sami bashin gida mai sauƙi a sabuwar unguwa, ta ja layi a kan unguwannin baƙar fata ta ce ba su cancanci lamuni ba, dillalai da ƙungiyoyin masu gidaje suka tsare ƙofa. A 1974 Kotun Ƙoli, a shari'ar Milliken da Bradley, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta hana tilasta wa makarantun garuruwan kewaye shiga shirin cakuɗa ɗalibai da na Detroit. Daga ranar duk iyayen da suka haye Eight Mile sun san matsalar makarantun birnin ba za ta biyo su ba. A ɗaya gefen titin, Woodward ɗin nan dai yana ratsa Ferndale da Royal Oak da Birmingham da Bloomfield Hills, kantuna cike, ciyawa a gyare, a gundumar da ke sahun gaba wajen arziki a jihar.

Abin da ya biyo baya lissafi ne da kowane ma'aji zai gane. Faɗin birnin yana nan yadda yake, wajen murabba'in kilomita 360. Bututun ruwa da magudanai da tituna da aka shimfiɗa don mutum kusan miliyan 2 ba sa raguwa don mutane sun ragu, kuma titin da gida uku suka rage a kansa yana bukatar motar shara da ta 'yan kwana-kwana kamar lokacin da yake da gida talatin. Ma'aikatan da aka ɗauka zamanin yalwa sun yi ritaya, fanshonsu na kan waɗanda suka rage. Don cike giɓi birnin ya ƙirƙiro harajin albashi a 1962, ya kuma riƙa ɗora haraji mai nauyi a kan gidajen da darajarsu ke faɗuwa. Sai mazauni ya ga yana biya fiye da na Royal Oak, yana samun ƙasa da nasa, duk mai hali ya tattara ya tafi, giɓin ya ƙara faɗi. Zuwa 2013 kimanin kashi 40 cikin 100 na fitilun titi ba sa aiki, gine-gine wajen 78,000 sun zama kango. Mafi ciwo shi ne yadda nauyin ya sauka a kan mafiya rauni: bayan faɗuwar kasuwar gidaje ta 2008 an ci gaba da ƙiyasta gidaje sama da darajarsu, aka yi gwanjon dubban gidaje saboda bashin haraji, wasu da masu su a ciki.

Hujja ta uku ita ce ta rashin shugabanci, kuma tana da ƙarfi. Kwame Kilpatrick, magajin gari daga 2002 zuwa 2008, kotu ta same shi da laifin cin hanci da zamba ta yanke masa shekara 28 a 2013, kafin a sassauta masa hukuncin a 2021. A zamaninsa ne aka ciwo bashin kusan dala biliyan 1.4 don toshe ramin asusun fansho, aka haɗa shi da wata yarjejeniyar kuɗin ruwa da bankuna wadda ta koma ta shaƙe birnin. Babu mai wanke wannan. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin Coleman Young, baƙar fata na farko da ya zama magajin gari, ya hau kujera a 1974, birnin ya riga ya rasa sama da mutum 300,000 a hannun magadan gari fararen fata. Chicago ta yi suna wajen cin hancin 'yan siyasa na tsawon zamani, jihar Illinois ma gwamnoninta sun sha shiga kurkuku, amma birnin bai kai ga kotun karyewa ba, domin tattalin arzikinsa iri-iri ne kuma masu biyan haraji da yawa sun zauna a cikinsa. Haka kuma a shekarun da Detroit ke nitsewa, gwamnatin jiha ta rage kason da take raba wa birane. Ɓarna a gari mai kuɗi tana rage riba, a garin da aka kwashe wa tushen haraji kuwa tana ƙarasa shi.

Saura hujja mafi nauyi: cewa wannan ƙaddarar duk garin da ya dogara da sana'a ɗaya ce. Wanda ya san yadda Kakuri ta Kaduna ta koma bayan rufe masaƙu, ko Sharaɗa da Bompai a Kano, ba ya bukatar a gaya masa abin da mutuwar masana'anta ke yi wa mai abinci da mai haya da ɗan makaranta. Detroit ma ta sa ƙwanta duka a harkar mota, albashi mai tsoka ba tare da dogon karatu ba ya sa ba a damu da neman wata hanya ba, kuma da General Motors da Chrysler suka karye a 2009 duk yankin ya ji a jikinsa. Cleveland da Pittsburgh da St. Louis su ma kowannensu ya rasa fiye da rabin jama'arsa tun daga 1950. Sai dai waɗannan ukun su ma birane ne da aka ɗaure a cikin tsohuwar iyaka, St. Louis tun 1876. A dubi Columbus ta jihar Ohio: tun shekarun 1950 ta sa sharaɗi cewa unguwar da ke son ruwan famfonta da magudananta sai ta shigo cikin birni, ta tashi daga mutum wajen 376,000 zuwa sama da 900,000 a 2020. Indianapolis ta haɗe gwamnatinta da ta gundumarta a 1970. Detroit kuwa ta ja bututun ruwanta zuwa garuruwan kewaye ba tare da irin wannan sharaɗi ba, ta shayar da waɗanda ke kwashe mata jama'a. Za a ce Columbus babban birnin jiha ce mai babbar jami'a, kuma faɗaɗa iyaka ba ya ƙirƙiro aiki ko ɗaya. Haka ne. Amma yana sa mai kuɗin da ya koma sabuwar unguwa ya ci gaba da biyan kuɗin fitilar tsohuwa, kuma wannan ne ainihin abin da Detroit ta rasa.

Yadda aka ceto birnin ma shaida ce. A 18 ga Yuli 2013, Kevyn Orr, wanda gwamna Rick Snyder ya naɗa ya riƙe al'amuran kuɗin birnin sama da zaɓaɓɓun shugabanninsa, ya shigar da takardar karyewa da bashin wajen dala biliyan 18, mafi girma da wani birni ya taɓa yi a Amurka. An fita daga shari'ar a ƙarshen 2014, kuma abin da ya buɗe ƙofar shi ne kuɗin da suka shigo daga wajen baitulmalin birnin: gidauniyoyi da gwamnatin jiha da masu tallafa wa gidan zane-zane suka yi alƙawarin dala miliyan 816 don a rage wa 'yan fansho zafi, a kuma hana sayar da zane-zanen. Duk da haka an yanke wa tsofaffin ma'aikatan farar hula kashi 4.5 cikin 100 na fanshonsu. An kafa hukumar ruwa ta yanki wadda ke biyan birnin hayar dala miliyan 50 a shekara. An kafa sababbin fitilu wajen 65,000. Ford ya sayi tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central, wadda ta zauna kango tun 1988, ya sake buɗe ta a 2024, kuma ƙiyasin 2023 ya nuna jama'a sun ɗan ƙaru karo na farko tun 1957. Amma sabon taragon da aka sa a Woodward a 2017 kilomita 5 kawai yake yi ya tsaya, nesa da Eight Mile, kuma a 2016 masu zaɓe na yankin sun kayar da shirin harajin sufuri na bai ɗaya da ƙaramin rinjaye. Mai neman aiki marar mota har yanzu yana shan wuya kafin ya kai inda ayyukan suke.

Masana'antu za su ci gaba da tashi daga wuri zuwa wuri, babu magajin garin da zai hana. Abin da ke hannun masu mulki shi ne su tsara yadda za a raba asarar idan ta zo. Jihar Minnesota ta yi doka a 1971 wadda ta sa garuruwan yankin Minneapolis da St. Paul zuba kashi 40 cikin 100 na ƙaruwar darajar kadarorin kasuwanci da masana'antu a asusu ɗaya a raba, don kada garin da kamfani ya baro ya tashi a tutar babu. Michigan tana iya yin irin haka tun ana da sauran ƙarfi, ta zaɓi ta bar kowane gari da nasa. Mutanen da ke shan ruwa ɗaya, suna bin tituna ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, gari ɗaya ne ko da taswira ta raba su gida ɗari, kuma wajibi ne harajinsu da makarantunsu da motocin hayarsu su bi wannan gaskiya. Duk jihar da ta bar masu hali su gusa da dukiyarsu bayan layi su bar bashin ga waɗanda aka hana tsallakawa, ta riga ta yanke wa babban birninta hukunci, kuma daga baya ita ce za ta biya kuɗin gyara, bayan an yi asarar gidaje da makarantu da rayuwar zuriya biyu.